Nana Asma'u 'Yar Shehu, Uwar Gari Mai Kula Da Mata Da Ƙananan Yara

In ana maganar mutanen da suka kafa daular Sakkwato, galibi sunayen maza ne ke fara zuwa baki, watau Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, da ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu, da ɗansa Muhammadu Bello, da sarakunan yaƙi irin su Aliyu Jeɗo. To, amma bayan an kare yaƙi an rataye takubba, sai aka tarar da wani aiki wanda doki da mashi ba su iya yinsa. Ga gwauraye, ga marayu, ga matan da aka kwaso daga garuruwan da aka ci, ga kuma dubban yara da ke tasowa a ƙauyuka babu mai koya wa uwayensu kome. Wadda ta ɗauki wannan nauyi ta tsara shi, har ya rayu fiye da shekara ɗari bayan ranta, ita ce Nana Asma'u, 'yar Shehu, wadda mutanen Sakkwato suka yi wa laƙabi da Uwar Gari.

HAIHUWARTA DA TASOWARTA

An haifi Nana Asma'u a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir, wajen shekarar 1793. Sunan mahaifiyarta Maimuna. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hasan, kuma bisa al'ada da sai a kira ta Husaina, amma Shehu ya zaɓa mata sunan Asma'u, 'yar Sayyadina Abubakar. Tun tana ƙarama ƙwarai mahaifiyarta ta rasu, saboda haka sauran matan Shehu ne suka rene ta, cikinsu har da Hauwa'u, mahaifiyar Muhammadu Bello. Watau dai ita kanta ta ɗanɗana maraici, ta kuma ga yadda gida mai tarbiyya yakan rufa wa maraya asiri.

Gidan da ta tashi a ciki gidan karatu ne, maza da mata. Shehu ya daɗe yana sukar malaman da ke tara almajirai a zaure suna karantar da su, alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata a cikin duhun jahilci, kuma ya rubuta haka ƙarara a littafinsa Nurul Albab. A lokacin da yake yawon wa'azi a Zamfara, wani malami ya zarge shi a kan barin mata su halarci wurin wa'azinsa. Malam Abdullahi ne ya mayar da amsa a madadinsa, ya nuna cewa barin mata cikin jahilci shi ne ɓarnar da ta fi girma. A irin wannan gida Asma'u ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tarihin Annabi da sufanci. Ta ƙware a Larabci da Fulatanci da Hausa, tana kuma jin Buzanci.

HIJIRA DA ZAMAN GWANDU

Ba ta wuce shekara goma ba rigima ta tashi tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Mutanen ƙasar Jega sun fi kowa sanin mafarin wannan al'amari, gama kakanninsu ya fara shafa. A ƙarshen 1803 rundunar Gobir ta fāɗa wa garin Gimbana na ƙasar Kabi, inda Malam Abdussalami, almajirin Shehu, yake zaune da mutanensa. Aka kama maza da mata da yara, aka biyo da su ta kusa da Ɗagel, jama'ar Shehu suka fito suka kwance su. Daga nan zama ya ƙi, har a watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu, Asma'u tana cikin ayarin.

Shekarun da suka biyo baya shekarun wuya ne. An yi nasara a Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804, amma a ƙarshen shekarar aka yi hasarar malamai da mahaddata da yawa a Tsuntsuwa. A 1805 aka ci Birnin Kebbi, jama'a ta koma Gwandu da zama, sai kuma aka sha kashi a Alwasa, har abokan gāba suka biyo su ƙofar Gwandu kafin a kore su. Ga yunwa, ga ciwo, ga rashin matsuguni. Yarinya mai shekara goma sha biyu ta ga duk wannan da idonta. Ta ga matan da aka kawo musu labarin mutuwar mazansu, ta ga jariran da suka rasa nono saboda uwayensu ba su sami abin kaiwa baki ba. Wanda ya karanta abin da ta rubuta daga baya zai gane cewa waɗannan shekaru ba su taɓa fita daga zuciyarta ba.

A wannan zamani na zaman Gwandu, wajen 1807, aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Alƙalawa ta faɗi a 1808, Bello ya gina Sakkwato a 1809, Shehu ya zauna a Sifawa, sa'an nan ya koma Sakkwato inda ya rasu a 1817. Allah Ya ba Asma'u 'ya'ya maza, cikinsu akwai Abdulƙadir da Abdullahi Bayero waɗanda duk suka yi sarautar Waziri. Daga zuriyarta ne kuma Waziri Junaidu ya fito, wanda ya rasu a 1997, kuma shi ne ya adana da yawa daga cikin rubuce-rubucenta.

MATSALAR DA TA TARAR

Bayan rasuwar Shehu, ita da mijinta sun yi aikin tattara littattafansa da tsara su don kada su salwanta. Ta fara rubuta nata littattafan tun wajen 1820, kuma abin da ya zo hannunmu na rubutunta ya kai kimanin sittin, waƙoƙi da zube, cikin harsuna uku. Sarkin Musulmi Bello yana neman shawararta, malamai na nesa suna yi mata wasiƙa. Da ta so, da ta zauna cikin ɗakinta a gidan Waziri ta ƙare rayuwarta tsakanin tawada da alƙalami, ba wanda zai ce ta gaza.

Sai dai ta duba halin da ƙasa take ciki ta ga inda gyara ya tsaya. Yaƙe-yaƙe ba su ƙare da faɗuwar Alƙalawa ba. Gobirawa da Kabawa da Zamfarawa sun yi ta tayar da ƙayar baya, har aka gwabza a Gawakuke a 1836. Kowane yaƙi yakan bar gwauraye da marayu, yakan kuma kawo ɗaruruwan mata kamammu waɗanda ake rabawa gidaje da garuruwan ribaɗi irin su Wurno. Waɗannan mata su ne ke goyo, su ne ke yaye, su ne ke kwana da yaro in yana zazzaɓi. Ba su jin Larabci, ba su jin Fulatanci, kuma in ciwo ya kama ɗa, ko haihuwa ta zo da gardama, ba su san wurin zuwa ba sai wajen 'yan bori. A Gobir kuwa bori yana da shugaba mace mai ƙarfin faɗa a ji, wadda ake kira Inna, 'yar gidan sarauta ce, mata suna kai mata kukansu.

Asma'u ta fahimci cewa wa'azin da ake yi a masallaci da zaure ba ya shiga cikin gida, kuma hana mata zuwa wurin bori ba tare da an ba su wata madogara ba, aikin banza ne. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro kuwa kafin ya kai munzalin zuwa makarantar allo ya riga ya yi shekara biyar ko shida a gindin uwarsa, ya koyi magana da tsabta da ladabi da tsoro daga wurinta. Duk wanda ke son gyara yaron, to, ta kan uwar zai bi.

'YAN TARU

Wajen ƙarshen shekarun 1830 ta kafa tsarin da aka sani da suna 'Yan Taru. Ga yadda abin yake. A kowane gari ko gungun ƙauyuka akan sami dattijuwa mai hankali da riƙon amana, wadda mutanen wurin suka yarda da ita. Ita ce Asma'u takan naɗa ta zama jaji, ta ɗora mata malfa, ta naɗa mata jan rawani a kai. Ita malfar nan tana daga cikin kayan da Innar Gobir take sawa, saboda haka matan ƙauye da sun hango ta sun san alamar shugabanci ce. Asma'u ta ɗauki alamar da suka saba girmamawa ta ɗora ta a kan malama.

In rani ya yi, an gama aikin gona, hanyoyi sun bushe, sai jaji ta tara ayarinta su kamo hanyar Sakkwato a ƙasa. Iri biyu ne ke shiga ayarin: 'yan mata ƙanana waɗanda ba a yi musu aure ba, da kuma dattijai mata waɗanda suka daina haihuwa. Matan aure masu goyo da masu ciki suna zaune a ɗakunansu, ba a raba su da 'ya'yansu ba, ba a kuma jawo rigima da mazansu ba. Wannan dabara ita ta sa magidanta da masu gari ba su sami abin suka ba.

In sun iso sukan zo da 'yar sadakarsu gwargwadon hali, kamar zuma da man shanu da hatsi da sawaye. Ba a tara wannan kaya a gidan Waziri, akan raba shi ga mabukata da marasa lafiya. Asma'u takan karɓe su a ɗakinta, ta saurari matsalolin da suka zo da su, nasu da na waɗanda suka aiko su, ko na aure, ko na gādo, ko na ibada, ta warware musu bisa shari'a. 'Yan matan kuma takan sa musu albarka ta yi musu addu'a. Bayan haka sai karatu.

Karatun a waƙe yake, domin yawancin ɗaliban ba su iya karanta rubutu ba, waƙa kuwa tana zama a ka, ana iya rera ta ana daka, ko ana kaɗi, ko ana lallashin yaro. Ta tsara waƙa mai ɗauke da sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 a jere, da Fulatanci da kuma Hausa. Ta mayar da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, zuwa Hausa, wadda ke gargaɗin masu mulki da talakawa a kan zalunci da cin haƙƙin mutane. Ta yi waƙa a kan mata salihai na tarihin Musulunci, tun daga matan Annabi da 'ya'yansa har zuwa matan zamaninta, bisa wani littafi da Bello ya rubuta ya nemi ta mayar da shi waƙa, don matan ƙauye su san cewa akwai mata irinsu da suka kai matsayi. A 1839 kuma ta rubuta Tabshirul Ikhwan da Larabci, a kan neman waraka da ayoyin Alƙur'ani, inda ta kawo abin da ya shafi ciwo da naƙuda da tsaron yara, don masu ilmi su sami abin da za su ba mace a maimakon abin da take nema wurin bori.

In ayari ya koma gida, jaji da dattijanta sukan bi ɗaki ɗaki suna koya wa matan aure abin da suka samo. Ta haka karatun da aka yi a ɗaki ɗaya cikin Sakkwato yake isa gidajen da Asma'u ba ta taɓa takawa ba.

AIKIN DA SUKE YI A GARI

Aikin 'Yan Taru bai tsaya ga karatu ba. Su ne ke koya wa yara ƙanana alwala da salla da gajerun surori. Su ne ke zama da mai naƙuda, su duba mara lafiya, su yi wa mace wanka in ta rasu, su share masallaci, su sasanta mata da miji ko kishiya da kishiya. Abin da a yau aka rarraba wa ofisoshi dabam dabam, wannan na jin daɗin jama'a, wannan na kiwon lafiya, wannan na yaƙi da jahilci, su a hannu ɗaya yake, kuma ba a biyansu ko anini daga baitulmali.

Babbar shaidar darajar da Asma'u ta ba wannan aiki tana cikin waƙoƙinta na makoki. Ta yi wa manya irin su Bello, wanda ya rasu a Wurno a 1837, da mijinta Giɗaɗo. Amma ta kuma yi wa matan da ba su da sarauta. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima, ta yabe ta da kirki da gyara zumunci. Ta yi wa wata mai suna Zaharatu, ta ambaci yadda take koyar da jahilai, take zuwa wurin masu haihuwa, take shirya gawa, duk lokacin da aka kira ta. Ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, wadda ta yi shekaru tana kawo mata ayarin ɗalibai. Ta yi wa aminiyarta A'ishatu, matar Bello, ta tuna da yadda take riƙon marayu da gwauraye. A zamanin da marubuta tarihi ba su cika ambaton kowa ba sai sarakuna da malamai da jarumai, ita ta rubuta sunan ungozoma ta ajiye, ga shi har yau ana karantawa.

RASUWARTA DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Nana Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara saba'in da 'yan kai, aka rufe ta a Hubbare kusa da kabarin mahaifinta a Sakkwato. Ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo, ita ta ci gaba da riƙon 'Yan Taru, ƙanensu Isa kuma ya mayar da waɗansu waƙoƙinta na Fulatanci zuwa Hausa. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, mulki ya sāke, amma ayarin mata bai daina zuwa ba. Sai a shekarun 1930 ne aka fara buɗe makarantun 'yan mata na zamani a Arewa, a Kano da Katsina, daga baya Sakkwato da Birnin Kebbi, watau kusan shekara ɗari bayan da 'yar Shehu ta naɗa jajinta ta fari.

Wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, wadda ta daɗe tana aikin koyarwa a Sakkwato, ta bi ƙauyuka ta tarar da jajoji suna nan da malfarsu. Ta wallafa tarihin Asma'u a 1989, kuma a 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka fitar da tarin rubuce-rubucenta tare da fassara. Ta wannan hanya sunanta ya shiga jami'o'in duniya, har waɗansu mata Musulmi a birnin Pittsburgh na Amurka suka kafa ƙungiya suka sa mata sunan 'Yan Taru. A nan gida kuwa makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da yawa suna ɗauke da sunanta.

ABIN LURA GA MA'AIKATA DA ƊALIBAI

Gwamnatocin ƙasar nan sun sha fito da shirye-shirye domin yara. An ƙaddamar da shirin ba da ilmin firamare kyauta a 1976, kuma dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa har da kula da yara ƙanana waɗanda ba su isa shiga firamare ba. An ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, an kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero a 2006. Jega, wadda Buhari ɗan Abdussalami ya kafa, ta zama babbar kasuwa, ita da Aliero da Maiyama duk suna cikin masarautar Gwandu, ƙasar da Asma'u ta yi ƙuruciyarta. Duk da haka, tambayar da ta fuskanta ita ce ke gaban duk ma'aikacin da aka tura gari irin Katanga da takardar shiri a hannu: ta wace hanya abin da aka tsara a hedkwata zai shiga ɗakin mace mai goyo?

Amsar da ta bayar a aikace tana da sassa huɗu. Na ɗaya, ba ta aika baƙuwa ba, daga cikin mutanen gari ta zaɓi wadda suka riga suka amince da ita, ta kuma ba ta girma a bainar jama'a. Na biyu, ta yi magana da harshen da uwaye ke ji, ta sa darasi cikin sigar da ba ta bukatar takarda. Na uku, ta daidaita aikin da yanayin mutane, ta jira rani, ta bar mai goyo a ɗakinta ta kai mata karatun har can. Na huɗu, hanyar tana da zuwa tana da komowa, gama jaji takan kai ilmi ƙauye ta kuma ɗauko kukan ƙauye ta kawo wa mai iya share shi. Shirin da ya rasa ɗaya daga cikin waɗannan yakan tsaya a allon sanarwa na bakin hanya, in kuɗinsa ya ƙare shi ma ya ƙare.

Har wa yau akwai abin lura ga ɗalibai, musamman mata. Asma'u tana daga cikin manyan masanan zamaninta, tana rubuta Larabcin da malaman Sahara ke yabawa, amma ba ta ga ƙasƙanci ba ne ta zauna da tsohuwar ƙauye tana maimaita mata baiti har ta riƙe. Mai takardar shaida da ke ƙyamar aikin karkara sai ya auna kansa da wannan.

Allah Ya jiƙan Nana Asma'u, Ya jiƙan jajojinta da ɗalibanta waɗanda ba a rubuta sunayensu ba, Ya kuma ba mu masu kula da uwaye da yara irinsu, amin.